Idan Masifu Suka Haɗu a Lokaci Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Jama'a

Annoba, yaƙi, ambaliya, fari, tsadar rayuwa: a da ana lissafa su ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuwa sau da yawa kan mutane ɗaya suke sauka tare. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda maƙwabta, malaman makaranta, 'yan sa-kai da shugabannin jama'a suka fi yi idan suka ga hankalin mutanensu ya tashi, alhali su ma nasu ba a kwance yake ba.

Mene ne bambancin masifu da suka haɗu da masifa guda ɗaya?

Masifa ɗaya tana da farko, tana da tsakiya, kuma galibi tana da ranar da za a ce ta wuce, a fara gyara. Wanda gobara ta cinye wa gida yana da dangin da za su ɗauke shi, yana da sana'ar da zai koma. Idan masifu suka haɗu, abin da mutum zai dogara da shi don ya fita daga ta farko shi ne ta biyu take karyawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

A ranar 4 ga Agusta 2020 sinadarai suka fashe a tashar jiragen ruwa ta Beirut, fiye da mutum 200 suka mutu, dubbai suka ji rauni. A lokacin kuɗin Lebanon ya riga ya karye, bankuna sun hana mutane cire ajiyarsu yadda suke so, asibitoci kuma suna fama da masu korona. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya, ta sami mutanen arewa maso yammacin Siriya da yawansu yaƙi ya riga ya raba su da gidajensu, ga kwalara tana yawo tun shekarar da ta gabata. A irin wannan hali jiki ba ya samun lokacin sauka daga shirin gudu. Zuciya tana bugawa da sauri, barci ba ya nisa, ɗan ƙaramin motsi sai mutum ya zabura. Wannan shiri yana ceton rai idan na awa ɗaya ne. Idan ya ɗauki watanni, shi ne yake komawa ciwon kai, ciwon ciki, saurin fushi da mantuwa.

To kowa ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwa ke nan?

A'a, kuma wannan yana da muhimmanci a faɗe shi da babbar murya. Kuka, tsoro, rashin barci da rashin son cin abinci bayan mummunan abu ba ciwo ba ne, amsa ce ta lafiyayyen mutum ga halin da ba na lafiya ba. Mafi yawan mutane suna dawowa hayyacinsu da kansu idan aka sami tsaro kuma suna tare da nasu.

Amma waɗanda abin ya zauna musu ba kaɗan ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da mujallar Lancet ta buga a 2019, ya nuna cewa a wuraren da ake rikici kimanin kashi 22 cikin 100 na mutane suna da ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, ko taɓin hankali. Kusan mutum ɗaya cikin 11 nasa ya kai matsakaici ko mai tsanani. A shekarar farko ta korona kuma, hukumar ta ce damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Kuskure biyu ake yi a nan, kuma duk suna da illa: a ɗauki kowa marar lafiya, ko a ce ai kowa yana cikin wahala, don haka ba wanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

Mutanen da ba su da abinci da wurin kwana, ba ɓata lokaci ba ne a zo musu da maganar lafiyar ƙwaƙwalwa?

Idan maganar ita kaɗai aka kawo, mai tambayar yana da gaskiya. Ƙa'idojin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka amince da su a 2007 sun jera tallafin hawa huɗu. Na ƙasa, wanda ya fi faɗi, shi ne tsaro da buƙatun yau da kullum, a bayar da su cikin mutunci. Na biyu, ƙarfafa iyali da zumuncin jama'a. Na uku, taimako na musamman daga waɗanda aka horar ko da ba likitoci ba ne. Na huɗu, wanda mutane kaɗan ne ke buƙata, shi ne aikin ƙwararru.

Wato rabon abinci kansa aikin lafiyar ƙwaƙwalwa ne, ya danganta da yadda aka yi shi. A ɗauki layi biyu. A na farko ba wanda ya san ko kayan za su kai kansa, ba a faɗi ranar dawowa ba, mai ƙarfi yana ture tsohuwa, mai riƙe da takarda yana daka tsawa. A na biyu an faɗi tun da safe mutum nawa za a ba yau, sauran kuma yaushe, an ware wa masu goyo da tsofaffi inuwa, kuma mutanen wurin ne da kansu ke kula da tsari. Buhun iri ɗaya ne, amma na layin farko ya koma gida da wulaƙanci a kan yunwarsa. Masu bincike a kan al'ummomin da yaƙi ya shafa sun daɗe da lura cewa matsalolin kullum, irin su talauci, cunkoso, rashin aiki da duka a cikin gida, suna da babban kaso a ƙuncin da mutane ke ciki, ba abin da suka gani a ranar harin kawai ba.

Ni ba likita ba ne. Me zan iya yi wa wanda na ga yana cikin wannan hali?

Abu mai yawa. Akwai abin da ake kira taimakon farko ga hankali, wanda WHO da wasu ƙungiyoyi biyu suka fitar da jagorarsa a 2011, kuma an tsara shi ne don mutane irinka. Ginshiƙansa uku: duba, saurara, haɗa.

Duba ko wurin akwai haɗari, waye ya ji rauni, waye ya zauna shiru can gefe ba ya amsa kowa. Mai ihu kowa zai gan shi. Wanda ya ƙura wa ƙasa ido ne ake wucewa. Je wurinsa, ka faɗi sunanka, ka nemi izinin zama. Ka zauna daidai da shi, kada ka tsaya a kansa. "Sannu Baba. Akwai abin da kake buƙata yanzu? Ka sha ruwa?" Idan ya yi magana ka saurara ba tare da ka katse shi ba. Idan bai yi ba, zamanka ma aiki ne. Wanda ka ga numfashinsa yana sama-sama, jikinsa na rawa, ka ce ya dafa ƙafafunsa a ƙasa ya ji su, ya faɗa maka abubuwa uku da yake gani a gabansa, ku ja numfashi tare a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

Na ukun shi ne aka fi mantawa. Haɗa shi da abin da ya rasa: ɗansa da suka rabu a hanya, wayar da zai kira ƙanwarsa, wurin da ake ba da magani, sahihin labarin abin da ke faruwa. Kada ka yi alkawarin da ba ka da ikon cikawa. "Zan je in tambaya in dawo kafin la'asar" ya fi "komai zai yi daidai", in dai ka dawo ɗin.

Ba gara a matsa wa mutum ya amayar da abin da ke cikinsa ya huta ba?

An yi shekaru ana yin haka: a tara waɗanda abin ya shafa cikin 'yan kwanaki, kowa ya ba da labari dalla-dalla a zama ɗaya. Da aka gwada shi da kyau sai aka ga ba ya hana firgicin zama ciwo, wasu ma yana jinkirta musu warkewa. WHO ba ta ba da shawarar yin sa. Wanda yake son magana a ba shi kunne. Wanda ba ya so a ƙyale shi, a bar masa ƙofa a buɗe. 'Yan jarida da masu tattara bayanai su ma wannan ya shafe su. Mace ɗaya ta ba da labarin yadda aka kashe mijinta ga mutum biyar masu takarda da biro a mako guda, ba wanda ya dawo mata da komai, wannan ba taimako ba ne.

Akwai maganganun da ya kamata a guje wa?

"Ka gode ma kai ka tsira." "Wasu sun fi ka shiga wahala." "Namiji ba ya kuka." "Da kun fita da wuri..." Duk da kyakkyawar niyya ake faɗarsu, amma abin da mai sauraro ke ji shi ne ka yi shiru, ko kuma laifinka ne. Ba da haƙuri ba laifi ba ne. Matsalar ita ce a yi gaggawar ba da shi don a rufe bakin mutum kafin ya gama.

Yara fa? Ai ba su san abin da ake ciki ba.

Sun sani sarai, baki ne kawai ba su da shi. Yaro ɗan shekara bakwai da ya daina fitsarin kwance tuntuni sai ya dawo da shi. Wata ta maƙale wa uwarta ko bayan gida ba ta barinta ta shiga ita kaɗai. Wani yana ta maimaita wasan abin da ya gani, ya rushe ya gina, ya sake rushewa. Matasa kuwa nasu yakan fito a matsayin taurin kai, faɗa, ko bin abokan shaye-shaye. Duka ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, ƙara tabbatar wa yaron yake yi cewa babu wurin da ya tsira.

Abin da ya fi yi musu amfani ba mai tsada ba ne. Kada a raba su da iyayensu ko masu riƙonsu. A dawo da lokacin cin abinci da na barci, ko da abincin kaɗan ne, ko da ɗakin na aro ne. A buɗe karatu da wuri, ko a ƙarƙashin rumfa. A faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, domin abin da yaro zai ƙirƙira a ransa idan aka ɓoye masa ya fi gaskiyar ban tsoro, kuma sau da yawa kansa yake ɗora wa laifi. Sannan a taimaki uwa da uba. Yaro fuskar babba yake kallo ya san ko akwai haɗari.

Yaushe abin ya wuce na maƙwabci, sai an kai ga ma'aikacin lafiya?

Idan mutum ya kasa kula da kansa ko 'ya'yansa: ba wanka, ba ci, ba tashi daga kwance. Idan yana jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani, ko ya rikice bai san inda yake ba. Idan yana maganar kashe kansa ko cutar da wani. Idan makonni sun shuɗe abin yana ƙaruwa maimakon raguwa. Rikicewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko bayan buguwa a kai, ciwon jiki ne na gaggawa, a yi sauri.

Wani gargaɗi: kada a saya wa mutum ƙwayar barci ko ta kwantar da hankali a kan gaban kai. Irin su diazepam suna saurin kama jiki, kuma WHO ta ce kada a ba da su don firgici ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali.

Idan na tambayi mutum ko yana tunanin kashe kansa, ba ni na sa masa tunanin ba?

Bincike ya nuna ba haka ba ne. Tambayar kai tsaye, cikin natsuwa, sauƙi take kawowa, domin mai wannan tunanin yakan ɗauka ba wanda zai iya jin sa ba tare da ya tsine masa ba. Idan ya ce e, kada ka yi masa faɗa ko wa'azi, kada ka bar shi shi kaɗai, kuma kada ka yarda da sharaɗin ɓoye maganar. Nemi wanda ya amince da shi da ma'aikacin lafiya a ranar. Ka kawar da abin da zai iya amfani da shi: maganin ƙwari, tarin ƙwayoyi, makami. Wannan matakin ba ƙarami ba ne, domin tsananin tunanin yakan zo ya wuce. Sri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi haɗari, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan kashe kai a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. A duniya sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara.

Waɗanda ke da taɓin hankali tun kafin masifar, ina aka bar su?

A baya, galibi. Mai shan maganin taɓin hankali ko na farfaɗiya da asibitinsa ya rufe, ko hanya ta yanke, ko kuɗin magani ya gagara, ciwonsa zai dawo a daidai lokacin da danginsa ba su da ƙarfin kula da shi. Daga nan ake fara kulle mutum a ɗaki ko ɗaure shi da mari, wanda ba magani ba ne, zalunci ne ko da tsoro ya jawo shi. Duk mai tsara agaji ya tambaya gida-gida: akwai mai shan magani kullum? Wane iri? Saura na kwana nawa? Kuma duk wanda zai gudu da ɗan'uwansa marar lafiya ya ɗauki kwalin maganin ko katin asibiti, ko ya ɗauki hotonsu a waya.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa. Waye zai yi aikin?

Gwamnatoci a duniya kusan kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya suke ba wannan fanni, don haka jiran ƙwararru su wadata jiran gawon shanu ne. Abin farin ciki, an gwada wata hanya kuma ta yi aiki. A Harare ta Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata masu aikin lafiya a unguwanni su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama shida, suna taimaka musu su zaɓi matsala ɗaya su tsara yadda za su tunkare ta. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna a bencin ba kuwa kusan rabi. WHO ma tana da wani tsari na zama biyar, mako-mako, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, da wani na rukuni da aka gwada da mata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a Uganda.

Sai dai a lura da abin da ya sa suka yi nasara: horo na gaske, mai duba aikin a kai a kai, da hanyar tura mai tsanani gaba. Taron bita na kwana biyu da takardar shaida, a sallami mutane ba mai sake waiwayarsu, ba shi ne wannan ba.

Bin labarai a waya yana ƙara damuwa ne, ko zato ne kawai?

Yana ƙarawa. Bayan harin bam a gasar gudun Boston a Amurka a 2013, wani bincike ya gano cewa waɗanda suka yi awa shida ko fiye a kullum suna bin labarin a makon farko sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu ko a kusa da su. A zaɓi kafa ɗaya ko biyu da aka amince da su, a duba sau biyu a yini, kada ya zama abu na ƙarshe kafin barci. Hotunan gawarwaki kuwa a daina turawa. Ba wanda suke faɗakarwa, kuma wata rana uwar mamacin ce za ta buɗe.

Ina matsayin addu'a, ibada da makoki?

Babba. Ga mutane da yawa a nan suke samun ma'anar abin da ya same su, kuma wuraren ibada ne ke tara jama'a lokacin da komai ya watse. A annobar Ebola ta Afirka ta Yamma a 2014, binne mamata cikin gaggawa ba tare da dangi ba ya sa wasu suka riƙa ɓoye marasa lafiya da gawarwaki. Sai da aka zauna da shugabannin addini aka fito da hanyar binnewa da ta kare lafiya ta kuma bar wa dangi damar yin addu'a da ganin inda aka sa nasu, sannan aka sami haɗin kai. Inda ake samun matsala shi ne a ce wa mai ciwon damuwa raunin imani ne ke damunsa, ko a hana shi magani. Malamin da ya yi masa addu'a sannan ya ce a kai shi asibiti ya yi masa gata biyu.

Ni da nake taimakon wasu, ni ma na gaji. Son kai ne in ja baya?

A masifun da suka haɗu babu wanda ke tsaye a kan tudu yana miƙo hannu. Nas ɗin da ke duba marasa lafiya ita ma gidanta ruwa ya ci, malamin makarantar shi ma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Alamun gajiyar sanannu ne: ka fara jin haushin waɗanda kake taimako, labarin mutuwa ya daina taɓa ka, ko ka kasa ajiye waya don gani kake in ka huta wani zai mutu. Yi aiki bibbiyu, ku riƙa tambayar juna. A yi karɓa-karɓa, ranar hutu ta zama doka, ba alfarma ba. Shugaban da ke yabon wanda bai yi barci kwana uku ba yana koya wa sauran su karya kansu ne.

Me ake so hukumomi da shugabannin jama'a su yi?

Su faɗi gaskiya da wuri, har da abin da bai tabbata ba tukuna, domin inda bayani ya yi jinkiri jita-jita ke cike gurbin. Su sa mutanen da abin ya shafa cikin shawara da aiki. A 2007 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Stevan Hobfoll suka tattara abubuwa biyar da ke taimakon jama'a bayan babbar masifa: jin an tsira, natsuwa, jin cewa mu ma za mu iya yin wani abu, haɗin kai da juna, da fata. Na ukun ne agaji ya fi karyawa ba da gangan ba, idan aka mai da magidanta masu zaman jiran rabo.

Kuma su yi hattara da tarwatsa mutane da sunan ceto. Bayan girgizar ƙasa, igiyar ruwa da haɗarin nukiliya na 11 ga Maris 2011 a Japan, an kwashe kimanin mutum 160,000 a yankin Fukushima. Waɗanda girgizar da ruwan suka kashe kai tsaye a yankin kimanin 1,600 ne. Waɗanda hukuma ta lissafa sun mutu daga baya saboda wahalar ƙaura, katsewar magani, kaɗaici da kashe kai sun haura 2,000, mafi yawansu tsofaffi. Idan ƙaura ta zama dole, a kwashe maƙwabta tare a sauke su tare.

Har zuwa yaushe za a ci gaba da wannan kulawa?

Fiye da yadda kuɗin agaji ke daɗewa. A makonnin farko mutane sukan haɗa kai, kowa yana taimakon kowa. Wahalar takan fito ne bayan watanni, lokacin da kyamarori suka tafi, alkawura ba su cika ba, bashi ya taru, masu masauki sun fara gajiya da baƙi. A nan ake ganin ƙaruwar shaye-shaye da rikicin cikin gida. Zagayowar ranar da abin ya faru, ko dawowar yanayin da ya faru a ciki, yakan tayar da barci da fargaba ko ga wanda ya yi kamar ya warke. Duk ƙungiyar da ta rubuta sunayen waɗanda suka rasa nasu, da masu zama su kaɗai, da masu shan magani kullum, ta ajiye takardar, ta sa wanda zai sake zagaya su bayan wata shida da kuma bayan shekara.